Mushe Iliya da Darasin Tsirar Iri

Mushe Iliya, wato Malam Iliya a bakin ƴan Faransanci, mutum ne da in ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya fara yi maka bayanin yadda rana ke tafiya. In kun tsaya sayen tumatir, sai ya ɗauki ɗaya ya tsaga da farce ya nuna maka ƴaƴan ciki, mai tumatir na harararsa. Na zauna gida ɗaya da shi a unguwar Gudel ta Yamai shekaru masu yawa, ɗakinsa na kallon nawa, randarmu ɗaya a gindin dogonyaro. Ni Mijinyawa, shofer ne, kamyo, babbar motar kaya, nake ja tsakanin Yamai da Dogondutsi. Shi Kirista, ni Musulmi, amma duk ƙasar Arewa ta haife mu, kuma baƙunci a cikin Zabarmawa ya mai da mu ƴan'uwa. Da layya cinyar ragona tasa ce, da Nowel, sallarsu ta Kirsimeti, shinkafar matarsa Rut tawa ce. Ya cika ni da surutu, na cika shi da tsiya, haka muka zauna.

An haife shi a Rijiyar Kuka, wani ɗan ƙauye can bayan Dogondutsi, da muke ce wa Dutsi. Ubansa, tsoho Yakuba, manomi ne, yana cikin na farko da suka bi ƴan mishan a yankin, shi ya sa Iliya ya shiga lakwal, makarantar boko, tun ana ɓoye yara cikin rumbu don kada a rubuta su. Ya zo Yamai zamanin da ake koyar da yara ta talabijin. Kada ku ɗauka shi ake gani a ciki. Shi dai nasa ya kunna akwatin, yara su kalla, ya kashe, sannan ya maimaita musu abin da aka nuna da gwangwani da tsinke da ruwa. Ya fara zama a Gaweye, da aka tashi unguwar don manyan gine-gine ya kwaso tabarmarsa ya dawo Gudel. Da aka daina karatun talabijin aka ba shi aji a wata ƙaramar lakwal, amma zuciyarsa ba ta taɓa barin akwatin nan ba. Ya yi imani, kamar yadda ya yi imani da Littafinsa, cewa muryar da ta fito daga akwati ta fi bulalar malami shiga kan yaro.

Ƴa ɗaya gare shi, Zinariya. Ita ce ta fari, kuma bayanta Allah bai sake ba su mai rai ba. Tun da aka yaye ta aka kai ta ƙauye wurin kakanninta, kamar yadda ake yi. Ɗan fari na kakanni ne. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya nuna ya damu da shi, balle ya buɗe baki ya ce a mayar masa. Shiga majami'a bai cire musu wannan kunya ba, ko kaɗan. Shekara da shekaru ban taɓa jin sunan yarinyar a bakin Iliya ba. "Ta wajen tsoho," haka yake cewa, yana kallon ƙasa. Ita kuwa kakanta take kira Baba, ubanta kuma Mushe, kamar yadda kowa ke kiransa.

Amma ni da ke kwana kusa da shi na san abin da ke cinsa. Yana son ƴarsa a gabansa, kuma hanya ɗaya ce tak da zai same ta ba tare da ya zubar da mutuncin kowa ba. In ta ci jarrabawar gama firamare aka ba ta kolej, dole ta bar ƙauye, tunda babu kolej a can. Ka ga ke nan takarda ce ta kira ta Yamai, ba shi ba. Tun tana aji ɗaya yake jiran wannan rana, har ya sa kafinta ya yi mata ɗan tebur, ya ce wa Rut wai na ajiye fitila ne.

Shekarar da ta shiga aji shida ita ce shekarar da ruwa ya ƙi. Hatsi ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye. Na ga shanu kwance a gefen hanya har na daina juya kai. Gulbin da ke gabanmu ya yi ta janyewa, masu lambu na bin sa da bokiti, masunta suka kifa jiragensu. Sojoji ke da mulki, kuma mulki ne na ba wasa. Ma'aikaci ba ya barin gari sai da izini, wanda ya makara aiki ya san sauran. A kan hanya shinge ne bayan shinge, mutanen ƙauye da suka doso Yamai a loda su a mota a mayar da su inda suka fito, kamar can ɗin akwai abin da suka manta. Kafin sanyi ya ƙare, lakwal ɗin Rijiyar Kuka ta mutu. Yara sun watse da iyayensu, malamin ya rufe ƙofa ya koma Dutsi. Ni na kawo wa Iliya labarin.

Ran nan na ji Rut ta ɗaga murya, abin da ba ta saba ba. Ma'aikaciyar asibiti ce, ta san abin da ake kawo musu kullum.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," in ji ta. "Ka tahi ka ɗauko ta."

"In ce ma tsoho mi?" in ji Iliya. "In ce ya kasa ciyar da ita? Tsohuwa ta rasu, yarinyar ad ɗebo mishi ruwa, ita ad dafa mishi. In raba shi da ita a shekara irin wagga, da wane ido za ni kallon mutane?"

"To da wane ido za ka kallona?"

Washegari ya je ya rubuta sunan yarinyar cikin masu jarrabawa a Dutsi, ta hannun wani abokinsa, ya kuma sayo tsohon manyeto, akwatin ɗaukar murya, a kasuwa. Ya ce in lakwal ta mutu, shi zai kai mata lakwal har gida. A ƙauyen akwai wani akwatin kaset na majami'a, irin mai hannu da ake juyawa, ba ya cin pil, wato batir. Shi zai ɗauki darasi a Yamai, ni in kai, ita ta saurara. Lissafi da Faransanci ya ce tana da su. Kimiyya ce aka bar ta a baya, kuma kimiyya ce abin da ya fi so a duniya.

Ai kuwa gidanmu ya shiga uku. In Mushe zai ɗauki darasi, sai ya toshe taga da katifa, ya hana mata daka, ya hana ni tari. Akwai kaset ɗin da jakin maƙwabci ya yi kuka a tsakiyar bayanin numfashi, ya so ya sake, na ce ya bari, ai misali ne. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne yadda yake farawa. Sai ya gyara murya kamar mai karanta labarai ya ce, "Yara, barkanku da war haka. Ga darasinku na kimiyya."

"Yara nawa gare ka can?" na tambaye shi.

"Ƴan aji shida," in ji shi.

"Ƴan aji shida saura mutum guda, kuma ka san ko wace ce."

Ya kau da kai. Ba zai iya cewa ke wance ki saurara ba, ko a cikin akwati. Saboda haka ya yi ta magana da yaran da babu su, da muryar gidan rediyo, ba gaisuwa, ba tambayar gida, ba abin da zai nuna uba ne ke magana da ƴarsa. A lokacin dariya na yi. Da na san inda wannan murya za ta kai mu, da ban yi ba.

Ranar da na kai kaset na farko na tsaya na gani. Yarinya ce siririya mai wushirya, tana ƙanƙance ido in tana tunani, sak ubanta. Ta zauna a ƙofar gidan kakanta tana juya hannun akwatin, murya ta fito. Kafin a jima duk wanda ya rage a garin ya taru, tunda ba girbi ba sussuka, ba abin yi sai kallon juna. Tsoho Yakuba ya zauna a kan turmi, ya miƙe wuya. Wata mata ta ce ashe Iliya ya zama mai magana a rediyon gwamnati. Wani ya ce ai da ji ka san daga sama aka aiko. Tsoho bai gyara musu ba, ni ma ban ga abin gyarawa ba. Mutumin da yunwa ta ƙwace masa komai, in ya sami abin alfahari, a bar shi da shi.

Darasi ya bi darasi. Ta kafa kara a tsakar gida tana auna inuwa. Ta tace ruwan rijiya da yashi da tsumma. Ta kifa faifai a kan tukunya ta ga gumi ya taru. Kuma ba ta barin ni in tafi hannu wofi, kullum da tambaya.

"Baba Mijinyawa, ka tambayi Mushe. In ruwa na hawa sama daga tukunya da gulbi, mi ya hana shi saukowa?"

Da na gaya masa, sai da ya cire tabarau ya goge. Ya yi mako yana shirya amsa, ya cika fuska guda ta kaset, ni dai ban gane komai a ciki ba. Amma na gane mutumin yana cikin farin cikin da bai taɓa shiga ba. Har Rut ta ɗan saki fuska.

Darasin tsirar iri ya ɗauke shi ne a ƙarshen sanyi, bayan ya gwada a lambun wani maƙwabcinmu, a inuwar mangwaro, da ruwan gulbi. Ina nan zaune ya ɗauka, har yau ina jin sa. "Yara, ku ɗebi ƙwayar hatsi kaɗan, ku sa cikin tsumma, ku jiƙa, ku aje a inuwa. Ku yayyafa ruwa safe da marece. Bayan kwana uku ku buɗe. Irin da ke da rai za shi hiddo ɗan farin baki. Wanda bai hiddo ba ya mutu, ko an shuka shi ba ya tsira." Darasi ne da ke cikin littafin kowane ɗan aji shida. Sai dai ana wata ga wata, kamyona ya lalace, na yi ta jiran ƙarfe daga Kwatano. Kaset ɗin bai isa ƙauye ba sai da bazara ta kankama, lokacin da ko ƙadangare ba ya taka ƙasa da rana.

A lokacin mutanen Rijiyar Kuka anza suke ci, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa an zubar, an jiƙa an zubar, kafin su shiga baki. Amma kowane gida da damen irinsa a rataye cikin rumbu, an shafe bakin rumbun da laka. Iri ba abinci ba ne. Yaro na iya kuka har muryarsa ta dushe, uwa ba za ta kalli wajen ba. Wanda ya ci irinsa ya ci gobensa, kuma ya ci mutuncinsa a gari. Na tsoho Yakuba tun na ubansa ne, kowace shekara shi yake zaɓen zangarniya da hannunsa.

Da na sake komawa, tun daga nesa na ji abin da na yi watanni ban ji ba, ƙarar taɓarya, gida-gida. Hayaƙi na tashi, ƙamshin tuwo ya cika gari. Na yi hamdala, na ce taimako ya iso. Tsoho ya tarbe ni, ya sa aka kawo mini fura mai kauri.

"Baba, yaushe anka kawo muku hatsi?"

"Ba a kawo ba," in ji shi. "Irin ne. Mushe ya ce matacce ne."

Sai ya ba ni labari. Yarinya ta roƙe shi ƴan ƙwayoyi, ta yi yadda akwati ya ce, ko ɗaya bai tsira ba. Aka sake juya kaset, kowa ya ji da kunnensa: wanda bai hiddo ba ya mutu. Maƙwabta suka kawo nasu, ɗan tsunkule daga kowane rumbu, ita ce mai gwadawa. Duk garin babu wanda ya tsira. To matacce kuwa, me za a ajiye shi ya yi? Yakuba ne ya fara fasa rumbunsa, tunda maganar ɗansa ce, sauran suka bi.

Yana magana yana kallon sandarsa, bai yarda mun haɗa ido ba. Mutumin da ya tsufa a gona, wanda ke sanin iri da haƙorinsa, ba na jin tsumma ya ruɗe shi har zuci. Mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki. Sun gaji, jikokinsu na narkewa a gabansu, abin da suka rasa kawai shi ne wanda zai ce musu ku ci babu laifi. Da murya ce ta ɗan gida, da sun ce yaro ne, me ya sani. Amma murya ce ta sama, mai Faransanci, mai cewa yara. Tsoro ya kama ni, na ajiye furar.

Da zan tafi Zinariya ta biyo ni har mota, ta miƙo mini wani ƙullin tsumma. Cikinta ya ɗan tasa, idonta na haske.

"Ka kai ma Mushe ya duba aikina. Ka ce mishi ban tsallake ko sau guda ba, safe da marece. Baba ya bar mini rabin ludayi kullum. Da na yayyafa, kahin rana ta ɗaga ya bushe ƙamas, amma ban ƙara ba, tunda sau biyu ya ce."

Na kai masa. Ya kwance ƙullin a gabana. Tsumman ya sandare kamar kilishi, ya yi fari da kanwar gindin rijiya. Na gaya masa abin da na gani da abin da ta ce, ban rage ba. Ya tsince ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya wanke su, ya yagi gefen tsohuwar rigarsa ya jiƙa ya naɗe su, ya tura ƙarƙashin randarmu inda ruwa ke ɗiga.

Da safiyar kwana na uku kukan Rut ya fito da ni. Iliya na tsugune gaban randa. Fararen saiwoyi sun huda tsumman ta ko'ina, wasu har sun fara kore. Da ƙyar ka sami ƙwayar da ba ta fashe ba. Irin tsoho Yakuba lafiyarsa lau.

Ya je neman izinin tafiya, shugaban lakwal ya ce jarrabawa ta matso, umurni ya zo daga sama ba malamin da zai motsa. Ya ɗauki sabon kaset, wannan karon ba gyaran murya, yana cewa a dakata, a bar abin da ya rage, kuskure ne. Ihu bayan hari. Ni kuma a ranar sojoji suka tsayar da kamyona a tasha, suka ce an ɗauke shi aikin kai taimako arewa, da ni a ciki, ba shawara. Iliya ya ba wani mai taksin daji kaset ɗin, ya kai Dutsi ya ajiye a tasha, babu mai shiga Rijiyar Kuka. Da na dawo bayan makonni na tarar da Iliya ya rame kamar shi ne a ƙauyen. Rut ba ta yi masa magana, abinci kawai take turawa gabansa.

Wata Asabar muka saci hanya, ba izini ba komai. Hadari na haɗuwa a gabas, na farko a shekarar. Muka shiga gari babu ko kare. Ƙofofi an toshe da ƙaya, rumbuna a buɗe. Gidan tsoho karan inuwar nan na nan a kafe a tsakar gida. Muka sami wata tsohuwa gurguwa, Tabawa, da wasu biyu da ba su iya tafiya.

"Iliya, kai ne? Sun tahi," in ji ta. "Iri ne ka riƙe mutum a gari. Da yaƙ ƙare, mi za su jira? Sun yi kudu da ƙafa."

"Iyaka a rufe take," in ji shi.

"Yunwa ba ta san iyaka ba, ɗana. Ta daji sunka bi. Ɗiyarka ita ad ɗauke da akwatin bisa kai, tsoho na riƙe da kafaɗarta."

"Wane gari sunka ce?"

"Ba su ce ba. Su ma ba su sani ba."

Muna tsaye aka fara yayyafi, kafin mu kai kwalta ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Ban taɓa jin haushin ruwan sama ba sai ran nan. Damina ce mai kyau aka yi a shekarar, duk inda aka jefa ƙwaya ta tashi. Gonakin Rijiyar Kuka ciyawa suka yi har ƙugu.

Ranar jarrabawa abokinsa ya aiko cewa an kira sunanta, ba a amsa ba. Iliya ya rubuta wa fastoci na tsallake, ya tambayi ƴan goro, ya tambayi masu fasa-ƙwauri. Ni ma duk tashar da na shiga sai na yi cigiya. Shiru. Ya ci gaba da zuwa aiki, fes da shi, ba ya makara. In shekara ta zo kan darasin tsirar iri sai ya roƙi malamin ajin kusa ya yi masa, ya fita ya zauna a baranda. Manyeton ya bayar. Aka buɗe iyaka, wasu sojojin suka gaji wasu, wasu ƴan garin suka dawo ɗai-ɗai, kowa ya ce a wani wuri daban suka rabu da su Yakuba.

Sai da aka shekara bakwai ko takwas wani mai sayar da albasa ya kawo labari tabbatacce. Tsoho ya rasu tun shekarar farko, a wani ƙauye na fadama can tsallaken iyaka. Wata ƴar garinsu ta riƙe yarinyar har ta girma, ta yi aure a nan. Muka tafi mu uku da ƙaramar motar da nake ja a lokacin. Rut ta cika jaka da zannuwa da sabulu. Iliya bai ɗauki komai ba sai tabarau.

Zinariya ta fito daga madafa da goyo a baya, ta durƙusa har ƙasa. Wushiryar na nan. Ta gaida Rut, Rut ta rungume ta tana kuka, kunya ta tafi inda za ta. Ta juyo wajen ubanta ta ce, "Sannu da zuwa, Mushe." Ya amsa yana kallon katanga. Mijinta mutumin kirki ne, manomi, ya yanka mana zabo. Rut ta tambaya ko za ta zo Yamai ko na wata guda ne, ta ce wa za ta bar wa gida da shuka ta matso. Rut ta tambaya ina ɗanta na fari, Zinariya ta ce yana wurin iyayen mijinta tun da aka yaye shi. Rut ta shiga ninke zanen da ta riga ta ninke.

Iliya ya yi mata wata ƴar tambaya da Faransanci. Ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya.

"Wayyo, Mushe, ya tahi duka. Ko sunana sai na yi tunani. Akwatin ma mun sai da shi a hanya. Amma darasin iri ban manta ba. Kowace shekara kahin ruwa ni ka gwada na maigida, har maƙwabta na kawo nasu. Nan kullum tsira yakai. Namu na gida ne kaɗai yam mutu." Ta gyara goyonta. "Baba har ya rasu yana sa maka albarka. Ya ce ba don kai ba, da mun zamna mun shuka gawa."

Na kalli Rut, ta juya mana baya. Na kalli Iliya. Na ɗauka zai faɗa, kuma wallahi ban san ko ina so ya faɗa ba.

"A ina kike aje tsumman?" ya tambaye ta.

"Gindin randa. Nan ruwa ba wuya, ba ya bushewa."

"To," in ji shi. "Haka akai."

Ta yi murmushi, ta ji daɗi Mushe ya yaba.

Ba mu kwana ba. A hanyar dawowa, bayan mun wuce shingen jandarmomi, ya ce in tsaya. Ya sauka ya nufi wata gona da aka share ana jiran ruwa, ya tsaya can ya ba mu baya. Ya daɗe. Rut ba ta kira shi ba, ni ma ban taɓa oda ba. Da ya dawo ya shiga ya ja ƙofa a hankali.

"Mu tahi, Mijinyawa," in ji shi. "Gobe ina da aji."